Uwani da Darar Turawa

Malam Idris mai gyaran rediyo da agogo mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale shi. In ka kawo masa rediyo don ya sa maka eriya kawai, sai ya kwance bayanta ya leƙa cikinta tukuna, ba don ta lalace ba, sai don ya ga yadda masu ita suka jera kayan ciki. Shagonsa yana Gyaɗi-Gyaɗi, a wani layi da ke ɓullewa titin Kotu: rumfar kwano, tebur ɗaya, benci ɗaya. A jikinsa akwai kemis ɗin Lawrence, mutumin Enugu da ya shekara ashirin a unguwar, har ya fi wasu 'yan gari iya ciniki da Hausa.

Kullum in azahar ta wuce ciniki ya lafa, Lawrence yakan fito da wani allo mai gidaje baƙi da fari ya ɗora a kan kwalin magani. Ɗaliban asibitin koyarwa su zo su kewaye shi, su yi tsit kamar masu zaman makoki. Shi yana kiran wasan ces, mutanen layi kuwa darar Turawa suke ce masa. Idris, wanda a darar gida ba a cika samun mai kada shi ba, ya taɓa zama ya ce a yi masa bayani. Da ya ji wai sarki taku ɗaya yake yi, sarauniya kuwa tana keta allon daga wannan bango zuwa wancan, sai ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce shi ya gane, wannan darar mutanen da matansu ke riƙe da makullin gida ce. Daga ranar bai sake zama ba, amma kunnensa bai bar wurin ba.

Mai kawo masa abincin rana 'yarsa ce ta fari, Uwani. Shekararta goma, sai dai doguwa ce siririya, duk wanda ya gan ta sai ya ba ta sha uku. In ta taso daga makaranta takan kawo kwano ta ajiye, ta koma gefe ta jira ya gama. Ba ya kallonta, ba ya jan ta da hira, don 'yar fari ce, shi kuma mutum ne mai alkunya irin ta mutanen da. Saboda rashin kallon ne bai lura ba cewa tun bara, ko ya gama ci ya wanke hannu, ba ta tafiya. Sai ta yi ta jujjuya kwanon a hannu tana tsaye a bayan Lawrence.

Asirin ya tonu ne lokacin yaƙin neman zaɓe, a shekarar da soja suka ce za su koma bariki. Wata ranar Talata Lawrence yana bugawa da wani ɗalibin likita mai suna Onyekachi, wasa ya yi nisa, sai ga jerin gwanon 'yan siyasa ya shigo layin da lasifika, 'yan acaɓa suna wasa da babura a gaba. Ɗaya daga cikinsu ya kwashi kwalin da ƙafa, 'ya'yan dara suka watse har cikin kwata. Da hayaniya ta wuce sai musu ya kaure, kowa yana rantsuwa shi ne ke kan ci, ba su da maraba da waɗanda suka wuce da lasifikar. Suna cikin haka Uwani ta ajiye kwanonta, ta tsince 'ya'yan, ta goge su da gefen hijabinta, ta shiga jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a gidan da yake kafin a watsar. Guda ashirin da uku suka rage a wasan, ba ta yi shakkar ko ɗaya ba.

Onyekachi ya ce ai dokinsa ba a nan yake ba.

“Nan yake,” in ji ta, idonta a ƙasa. “Da can yake, ka ɗauke shi lokacin da mai rake ya wuce. Da ka bar shi can ma da ya fi maka.”

Idris yana riƙe da ƙarfen narka dalma a lokacin. Sai da ya ji ƙaurin yatsarsa sannan ya tuna da shi.

Washegari Lawrence ya leƙo rumfar ya roƙi a bar yarinyar ta zauna ta buga. Idris bai ɗago daga agogon da yake gyarawa ba, ya ce shi ba ruwansa, in ta ga dama. Sannan, kamar wanda ba ruwansa ɗin, ya kafa sharuɗɗa uku: a gaban shagonsa za a riƙa yi, ba za ta fasa islamiyya ba, kuma kafin magariba tana gida.

Wasan farko Lawrence ya cinye ta, na biyu ma haka, na uku ya sha wuya kafin ya ci. Abin da ya fara ba shi tsoro shi ne ba a kama ta da dabara ɗaya sau biyu. Ba ta san sunayen 'ya'yan da Turanci ba, sai ta raɗa musu nata: na kusurwa rumbu, mai tsagaggen kai mai hula, ƙananan na gaba kuma 'yan aike. Kafin wata guda har ɗaliban likita sun koma kukan an ci musu rumbu. Ta kada Onyekachi a mako na biyu, ya ce bai yi barci ba ne saboda jarrabawa. Ya yi barci ya dawo, ta sake kada shi. Kafin babbar salla ta kada Lawrence kansa, shi kuwa maimakon ya ji haushi sai ya shiga kemis ya ɗauko mata lemon kwalba. Daga nan abin ya zama kallo a layin. Ta buga da mutum uku a lokaci guda ta cinye biyu. Wata rana ma da aka ba ta ɓarar gyaɗa daga gida, ta juya wa allon baya tana ɓara tana faɗin inda za a matsa mata, dokin dama ya tsallaka gaban rumbu, mai hula ya koma gida biyu, har ta kulle sarkin wani ma'aikacin ɗakin gwaji da ya zo takanas daga Hotoro don ya ƙaryata labarin.

Duk wannan Idris bai taɓa juyowa ya kalla ba. Abin da ya yi shi ne, ya samo madubin wani tsohon babur ya ɗaure a gefen teburinsa, ya ce wai don ya riƙa ganin ɓarayin batir. Ta cikinsa yake ganin allon, da hannunta in ya miƙe, da yadda take ɗan karkatar da kai kafin ta yi ci. A hankali ya fahimci tafiyar kowane ɗa, amma bai fahimci tafiyar tata ba. Sai ta yi wani motsi da shi yake ganin shirme ne, bayan taku biyar ya ga ashe tun can ta haƙa ramin. Abin ya dame shi ƙwarai. Da kai irin rediyo ne, da tuni ya kwance bayansa ya leƙa.

Tunda ba zai iya tambayarta ba, sai ya bi ta hannun matarsa Balaraba, ma'aikaciyar jinya a asibitin. Ita ma 'yar farinta ce, don haka ta tura ƙanwar Uwani ta tambayo. Amsa ta biyo wannan doguwar hanya ta dawo bayan kwana biyu: wai ita lunguna take gani, kamar na unguwa. In an toshe wannan, ta san inda wancan yake ɓullewa. Idris ya yi kwana uku yana juya maganar, ya ga ba ta ƙara masa komai ba sai son sani.

Ranar da soja suka miƙa mulki, layin gaba ɗaya ya taru a rumfarsa, don shi ne mai rediyon da ba ta shaƙewa. Da aka watse Lawrence ya tsaya, ya zauna a bencin.

“Malam Idi, abin da ke kaina ya ƙare,” ya ce. “Ba ni da sauran abin da zan koya mata, yaran asibitin nan ma haka. In ba ta fita ta gamu da waɗanda suka fi mu ba, nan za ta tsaya. Ni kuma ban san iyakarta ba, kuma ina so in sani kafin in mutu.”

Idris ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da murɗa rediyo. A ransa kuwa maganar ta zauna daram, don abin da ke cinsa ke nan.

Hanya ta samu ba da jimawa ba. Mulkin farar hula ya zo da wani sabon ciwo, kowane zaɓaɓɓe yana neman abin da zai miƙa wa wani a gaban mai hoto. Ɗaliban asibitin suka lallaɓi wani sabon kansila ya sayi kofi, aka shirya gasar ces ta yara 'yan ƙasa da sha biyu a wata firamare a Tarauni. Kofin ba shi ne abin so ba. Wanda ya zo na ɗaya, shi kaɗai, za a kai shi Kaduna ya yi wata guda a hannun wani gwani, ya kara da yaran wasu jihohi. Lawrence bai yi shawara da kowa ba ya je ya rubuta suna a takardar shiga: Uwani Idris.

Da yamma ta zo ta durƙusa a bakin rumfar, abin da ba ta taɓa yi ba in ba gaisuwa ba.

“Baba, ina so in je,” ta ce. “Ina so in ga ko akwai wanda ya fi ni.”

Ya dubi madubin babur maimakon ya dube ta. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Ranar ta faɗo Asabar, Balaraba kuma tana da aikin safe, don haka rakiya ta hau kan Idris. Kafin ta fita ta buɗe akwatinta ta ciro wata ambulan ta miƙa masa, ta ce an ce a zo da takardar haihuwa. Ya karɓa ya zura a aljihun gaba bai buɗe ba. Ya san abin da ke ciki. Uwani ba suna ba ne, laƙabi ne. Sunan mahaifiyarsa aka mayar wa yarinyar, don tsohuwar ta rasu saura wata biyu a haife ta. Shi bai taɓa furta sunan uwarsa ba tun da ya yi wayo, ga shi kuma ya hau kan 'yar fari, abin ya zama kunya biyu. Ko huɗuba yayansa ne ya yi mata, ran suna kuma yana ƙuryar ɗaki lokacin da liman ya sanar. Balaraba ma ba ta faɗa, sunan surukarta ne. Sunan yana zaune a wuri biyu kawai, rajistar makaranta da wannan ambulan.

An yi ruwa da asuba, suka bi gefen kwalta suna tsallake taɓo, Lawrence a gaba da lema, Uwani a tsakiya, Idris a baya kamar ba tare suke ba. A ajin da aka share, an jera tebura goma sha biyu, yara ashirin da huɗu, mata uku ne kawai a ciki. Alƙaliyar gasar wata malamar lissafi ce, Madam Tolulope, Bayarabiya haihuwar Sabon Gari, mai tabarau da murya irin ta wadda ta saba tsawata wa aji sittin. Ta kori iyaye waje, ta ce za a buga zagaye biyar, kuma sai an gama za ta duba takardun waɗanda suka yi nasara.

Idris ya sami taga ya kafa gwiwar hannu. Abin da ya fara ɗauke masa hankali wani agogo ne mai fuska biyu a kowane tebur, in ka danna naka ya tsaya, na abokin wasanka ya fara tafiya. Hannunsa har ƙaiƙayi yake yi. Ya ƙudurta ko ta halin ƙaƙa sai ya ga cikin ɗaya kafin ya bar wurin. Uwani ba ta taɓa ganin irinsa ba, a wasan farko ta yi ta mantawa da dannawa, lokacinta yana zuba a banza. Bai hana ta cinye yaron ba. Na biyu ya yi kuka, na uku ya nemi a sake, ta huɗu wata yarinya ce daga Daurawa da ta miƙa mata alewa bayan an gama. Wannan ne karon farko da Idris ya kalli wasanta ba ta madubi ba, don a cikin taron iyaye ba wanda ya san wa yake kallo.

Wasan ƙarshe da Shamsuddeen ne, ɗan Alhaji Rabi'u mai sayar da tayoyi a Unguwa Uku. Shi ma ya ci huɗu. Yaro ne mai natsuwa, yana da littafin ces da malamin da ke zuwa gida. Ubansa kuwa Idris ya san shi tun suna yara a cikin gari, gidansu yana kallon nasu, Alhaji ya sha cin tuwon tsohuwar Idris. Suka gaisa a bakin taga, Alhaji yana ta faɗa wa na kusa da shi cewa har an ɗinka wa yaron kayan tafiya Kaduna.

An kusa awa guda ana bugawa ba wanda ya ci wani abin kirki. Can sai Uwani ta karkatar da kai, ta ɗauki sarauniyarta ta ajiye a bakin ɗan aiken yaron, inda ko makaho zai ci. Idris ya dafe taga. Ya ce a ransa shi ke nan, agogon nan ya ruɗa ta. Shamsuddeen ya duba, ya sake dubawa, ya cinye. Lawrence kuwa ya damƙe hannun Idris har sai da ya ji zafi, yana ta raɗa wani abu da yarensu. Doki ya tsallaka. Rumbu ya sauko. A taku na uku sarkin yaron ya duba gabas da yamma ya rasa gidan shiga, nasa 'ya'yan ne suka tsare masa hanya. Ɗaliban da ke wajen suka ɗauki tafi. Idris ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba, daɗi kamar ya kashe shi.

Aka buɗe ƙofa iyaye suka shiga, kansila ya iso da mai hotonsa. Madam Tolulope ta nemi takardar ta ɗaya, Idris ya miƙa ambulan. Ta buɗe, ta duba, ta duba takardar shiga, ta gyara tabarau. Ta ce a nan an rubuta Uwani Idris, a nan kuma Hafsa Idris. Wace ce Hafsa?

Kafin kowa ya buɗe baki Alhaji Rabi'u ya matso. Ya ce dama tun safe yake kallon yarinyar nan, wannan tsawon ba na 'yar shekara goma ba ne. Ya ce kowa ya san abin da ake yi a ƙasar nan, a ari takardar ɗan maƙwabci a shiga gasar yara, kuma masu suna Idris a Gyaɗi-Gyaɗi sun fi a ƙirga. Shi yana ƙara, a rubuta.

Madam ta juya ga Lawrence, tunda shi ya rubuta sunan. Bawan Allah ya tsaya baki buɗe. Ya rantse shi ya san yarinyar nan tun tana zanen goyo, shi ya sayar da maganin haƙorinta, kuma bai taɓa jin an kira ta da wani suna ba sai Uwani. Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa, shekara ashirin yana cikin mutane bai san laƙabi ne ba. Sai da ya rufe baki ya ga ashe ya ƙara dagula lamarin.

Sai ta dubi Idris. “Baba, yaya sunan 'yarka?”

Bakinsa ya riga tunaninsa. Ya ce Uwani.

Ajin ya ɗauki guna-guni. Ya yi sauri ya ƙara da cewa abin da ke cikin takardar nan ma gaskiya ne, duk ita ce. Wata ɗalibar jinya ta matso ta yi wa Madam bayanin al'adar, cewa mutum ba ya kiran sunan uwarsa, ko da a kan 'yarsa yake. Madam ta gyaɗa kai, ta ce ta gane, su ma a wajensu matar gida ba ta kiran sunan dangin miji. Amma an shigar da ƙara, ga suna biyu, ga yarinya ɗaya, kuma dokar da aka ba ta ta ce uba ko uwa ne za su shaida da bakinsu. In ya faɗi sunan a gaban jama'a ya ce 'yarsa ce, ta karɓa. In bai faɗa ba, dole ta ba na biyu.

“Ai shi ke nan,” in ji Alhaji Rabi'u, yana murmushi. “Idi, faɗa mana. In 'yarka ce mai takardar, mene ne abin wahala?”

Gaskiya abin da Alhaji ya yi ba shi da kyau, kuma ya san ba shi da kyau. Ba shakkar shekarun yake yi ba. Ya san tsohuwar, ya san sunanta, ya san wa aka mayar wa. Abin da ya fi sani kuma shi ne Idi, wanda tun suna yara in aka aike shi gidan wata mai irin sunan sai ya yi ta kwatance da bakin ƙofa da bishiyar gidan.

Idris ya tsaya tsakiyar ajin. Ya buɗe baki, harshen ya ƙi. Ba taurin kai ba ne, shekara arba'in da biyar ne suka danne shi. Ji yake in ya furta, kamar ya tsaya a tsakar gidansu ya kira tsohuwa gatsal, ita kuma ta juyo daga bakin murhu ta dube shi. Ga 'yar fari kuma a tsaye, ga mutanen unguwa, ga mai hoto. Ya dubi tebura, ya dubi silin, ya dubi Lawrence, wanda ya haɗa hannu biyu yana roƙonsa da ido. Kansila ya duba agogonsa ya ce yana da wani taron. Madam ta cire murfin biro, ta ce za ta jira minti ɗaya.

A nan Uwani ta matso kusa da shi. Tana riƙe da jakar 'ya'yan darar Lawrence, ta riga ta tattara su ta ɗaure bakin.

“Baba, mu tafi gida,” ta ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. “Ai na ga abin da nake so in gani. A ba shi.”

Ƙarya take yi, kuma ya sani. Ba ta ga komai ba. Yaran nan biyar ba wanda ya kai ta bango, tambayar da ta durƙusa ta yi masa tana nan ba amsa. Ya dube ta sosai, ido da ido, abin da rabonsa da yi tun tana jaririya, lokacin da ba mai ganinsa. Ba kuka take yi ba, ba ta ma ɓata rai ba. Ta auna abin ne kawai, ta ga tsakanin Kaduna da kunyar ubanta wanne za ta iya bari, ta zaɓa, ta ɗaure jaka. Wannan ne ya fi ƙarfinsa. Yarinya 'yar shekara goma tana rufa masa asiri da abin da ta fi so a duniya, shi kuma yana tsaye yana kallon silin.

Ya juya ga Madam. Muryar da ta fito ba irin tasa ba ce, amma har na bakin taga sun ji.

“Sunanta Hafsa,” ya ce. “Hafsatu. Sunan mahaifiyata ne, Allah ya ji ƙanta. 'Yata ce ta fari, shekararta goma da wata huɗu. Hafsa.”

“Na'am, Baba.”

Amsar ta fito kafin ita kanta ta san ta fito. Shi ba kiranta ya yi ba, shaida ya bayar, amma ita ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba, ba ta tsaya bambancewa ba. Madam Tolulope ta sunkuya ta ja layi a kan sunan Uwani ta rubuta ɗaya sunan a sama, ta daɗe tana rubutun fiye da yadda haruffa biyar ke bukata. Alhaji Rabi'u ya kama hannun ɗansa suka fita ba sallama.

Ita kuwa tana nan tsaye a gabansa da jakar a hannu, ta ɗago kai tana jira, don wanda aka kira ya amsa sai a faɗa masa abin da aka kira shi dominsa. Idris ya lalubi abin faɗa, aike ko faɗa ko wani umarni, bai sami ko ɗaya ba.

“Kin yi ƙoƙari,” ya ce.

Ya juya ya fita da sauri kafin mutane su ga fuskarsa.